PS2 ɗin Yaya da titin Tokyo da daddare

Asabar, 1 ga Fabrairu 2025

To bismillah. Na ce bari in riƙa rubuta wannan abin ko don in san nawa na kashe, don na san halina, sai abu ya wuce in ce ai ban kashe komai ba. Abin da ya tayar da maganar, makon jiya ne na ga bidiyo yana ta yawo, kamfanin Genki na Japan sun dawo da gem ɗin tseren mota Tokyo Xtreme Racer, sun sake shi a Steam, kasuwar gem ta kwamfuta, ranar 23 ga Janairu bayan shekara 18 rabonsu da fitar da babba, na ƙarshe shi ne wanda ya fito a Xbox 360 a 2006. Na duba irin kwamfutar da sabon yake so, na kalli tawa, na yi dariya na rufe. Ko bidiyo mai nauyi in na kunna mata sai ta fara huci.

Sai na tuna ai akwai Tokyo Xtreme Racer Zero, na PlayStation 2 (PS2), wanda ya fito a 2001. Shi na buga a gidan gem ɗin unguwarmu lokacin kowa yana rigima a kan ƙwallo, ni kuma ina can lungu a tibin da ba wanda yake so, ina ta zagaye titi ɗaya har kuɗina su ƙare, mai shagon ma ya taɓa tambayata wai ni ban gajiya ne. Ban taɓa gama shi ba, don ba ni da memori, kullum daga farko nake farawa.

Yau na je gida na shiga siton Hajiya, na tono PS2 ɗin Yaya a ƙarƙashin wasu tsofaffin tukwane. Siririyar nan ce, SCPH-77001, ta Amurka. Ba adafta, fad ɗaya ne kuma ɓera ya gama da wayarsa, amma akwai memori na asali mai 8MB a maƙale, da jakar faifai, kuma wlh Zero yana ciki, duk ya karce. Na kira Yaya ya ce ɗauka, dama ya manta da ita. Niyyata in tayar da ita, in haɗa ɗan wajen zama a ɗakin zaure, in doke Speed King, ɗaya daga cikin manyan ogannin gem ɗin, kafin ƙaramar sallah.

Talata, 4 ga Fabrairu

Na shiga kasuwa bayan na tashi daga aiki. Adafta ₦6,500, kuma sai da na tsaya a kan sai mai 8.5V don shi siririyar take ci, yaron shagon yana ta turo mini na 12V wai duk ɗaya ne Alaji. Fad ₦7,000, ba na asali ba ne, da ka riƙe shi ka ji ba nauyi. Wayar AV ₦1,500. Sai memori mai 64MB ₦4,000, mai shagon ya ce in rabu da ɗan 8MB ɗin nan, wannan ya ninka shi sau 8. Na saya. ₦19,000 ke nan a yini ɗaya ban ga ko hoton mota ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Ta kama. Ƙarar nan ta buɗewa ta fito har tsigar jikina ta tashi. Na sa faifai, ya yi ta juyawa yana ƙas ƙas, ya ƙi karantawa. Na gwada wasu guda 4, duk haka.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na kai wa mai gyara. Ya buɗe ya goge idon lesar da auduga, ya gwada, ya ce maigida idon nan ya mutu, ko a sa sabo ko a rabu da faifai gaba ɗaya. Shawararsa ita ce ta biyu, don idon da ake samu yanzu ba ya wata 3. Ya sa mini FreeMcBoot, manhajar da ke ba PS2 damar kunna wasu manhajoji, a kan memorin Yaya, da OPL wanda shi ke karanta gem daga filash, ya ce na yi sa'a samfurin ne mai karɓa, da ta cikin na ƙarshe-ƙarshen nan ce masu lamba 90000 da wasunsu ba sa yarda. Aikinsa ₦5,000, filash 32GB ₦5,500.

Faifan kuma sai da na kai wajen wani abokina mai tsohuwar kwamfuta da har yanzu take da wajen sa faifai. Sau 3 kwafin yana tsayawa a tsakiya saboda karcen, sai da muka wanke shi da sabulu muka goge da tsumma mai laushi sannan ya wuce. Filash ɗin dole aka yi masa fomat na FAT32. Wani abu da ya gaya mini kuma na gani da idona, ramin USB na PS2 tsohon yayi ne, 1.1, a hankali yake ja, shi ya sa bidiyon farkon gem ɗin yake sarƙewa kamar mai in'ina. Amma da an hau titi lafiya lau, ni kuma titin na zo nema.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Rigimar tibi. Na fara jonawa a ƙaramar tsohuwar tibin Hajiya mai ƙeya, hoto ya fito fari da baƙi, saboda na'urar ta Amurka ce tana fitar da NTSC ita kuma tibin PAL kawai ta sani. Na dawo gida na jona a ta bango, kala ta fito amma hoton ya dame kamar an shafa masa mai, kuma abin da ya fi ba ni haushi, in na karya sitiyari sai motar ta ɗan yi jim kafin ta bi. A gem ɗin ƙwallo ƙila ba za ka damu ba, a nan kuwa kafin ta ji maganarka ka riga ka sha bango.

Da yamma na samu mai ƙeya inci 21 wadda take karɓar duka biyun a wajen wani mai gyaran rediyo, ₦18,000, mai adaidaita ya karɓi ₦1,500. Madam ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo ana shigo da ita, ta ce mutane suna fitar da irin wannan daga gida kai kana shigowa da ita. Ban ce komai ba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Daren jiya ne na fara da gaske, daga 10 har kusan 1.

Ga wanda bai san gem ɗin ba, ba irin tseren da aka saba ba ne da za a jera motoci a ƙirga uku a ce wanda ya riga kai layi. Babu layi ma sam. Kana fitowa daga gareji sai a sauke ka a kan babban titin sama na Tokyo, Shuto, cikin dare, ga motocin mutane suna tafiyarsu, kai ma ka bi. Kana cikin tafiya sai ka hango wata mota da ka san ba ta mutanen kirki ba ce, ka matsa bayanta ka watsa mata fitila, shi ke nan an ƙulla. Sanduna biyu za su fito a saman allo, SP, taka da tasa. Duk wanda yake baya tasa tana zuba, in tazarar ta yi nisa zubar ta ƙaru, in ka daki bango ko motar wani a cire maka. Wanda tasa ta ƙare ya faɗi. In kun zo mararraba ya bi hagu ka bi dama an tashi canjaras. Wani faɗan daƙiƙa 20 ne an gama, wani kuma sai ku yi minti 4 kuna musayar gaba, tafin hannunka duk gumi.

Da ɗan kuɗin da suke ba ka na farko na ɗauki AE86. Ba a rubuta Toyota ba, don a Zero ba su sayi izinin sunaye ba, lambar bodi kawai suke sa wa kowace mota, amma kowa ya gan ta ya san Corolla ce ta 1983 zuwa 1987, inji 1.6, tayoyin baya ke ja. Kakar waɗannan da suka cika mana titi ke nan. Ba ta da gudu ko kaɗan. Ƙungiyar farko da na fara tsinta su ne Rolling Guys, su ma duk AE86 suke ja, na cinye 3 a cikinsu, sannan na je na watsa wa wata fitila ban duba ko wace ce ba, kafin in sa giya ta uku na daina ganin jan fitilarta.

Abin da na manta shi ne yadda shirun gem ɗin yake da daɗi. Tsakanin faɗa da faɗa ba mai ce maka yi sauri, ba agogo, fitilun titi ruwan lemo suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ka shiga rami ƙarar inji ta canza ka fito, ga hasumiyar Tokyo can gefe tana ja. Na yi zagaye 2 cur ban nemi kowa ba.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Ba wuta tun Juma'a. Man ₦2,000 a jen, awa ɗaya da rabi. Na sa salansa da matakin inji na farko, na rage nauyin bodi. Shugaban Rolling Guys ya fito bayan na gama da yaransa, na cinye shi a karo na 2.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Akwai wani waje a zoben C1, wajen Ginza, da titin yake nutsewa ƙasa kamar kwalbati, sai ga ginshiƙai a tsakiyar hanya sun raba layi biyu. Sau 6 na rungumi ginshiƙin nan a dare ɗaya, kuma duk lokacin ina gaba, SP ɗin abokin faɗa saura ƙiris. Har na fara zagin masu gem ɗin a raina wai mugunta ce ta sa suka dasa shi, sai na je na duba ashe haka wajen yake a gaske. Kogi ne a da, aka janye ruwan aka shimfiɗa titi a cikinsa lokacin da suke gaggawar shirin wasannin Olympics na 1964, ƙafafun tsofaffin gadojin kuma aka bar su inda suke. Sashen farko na titin a 1962 aka buɗe shi. Zoben duka kilomita 14.8 ne, kuma mafi yawansa dokar gudu 50 ce, mu kuma muna shiga da 170.

Dabarar da na gano, tun kafin gangaren zan zaɓi layi in zauna a kai, ko da akwai babbar mota a gaba gara in taka birki in bi bayanta da in ce zan canza a ƙurarren lokaci. Kuma su Japan hagu suke bi, hannuna har yanzu yana so ya kai ni dama in na rikice. Tun da na kama wannan sau 1 kawai na sake dukansa.

Na tara CP, wato kuɗin cikin gem ɗin, na sayar da AE86 na ɗauki S15, Nissan Silvia. Na ɗan ji ba daɗi da na sayar da ita gsky.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Innalillahi. Sebin ya tafi.

Jiya na cinye mutum 9 a jere, har wani daga cikin 13 Devils ya zo da kansa ya watsa mini fitila ta baya, don su manyan haka suke, ba kai kake nemansu ba, na sha da ƙyar na cinye shi da SP ɗin da bai kai faɗin farce ba. Na koma gareji na yi sebin, ya nuna ya gama, na kashe na kwanta ina jin kaina. Yau na kunna ya ce babu komai. Na shiga wajen duba memori na ga fayil ɗin ya koma wani baƙin akwati mara suna. Na cire na hura na mayar, na canza rami, na kashe na kunna ya fi sau 10.

Na kira mai gyara, tambayar farko da ya yi ita ce a wane memori nake sebin. Na ce mai 64. Ya yi dariya ya ce maigida ai Sony ba su taɓa yin mai 64 ba, 8MB kawai suka yi, duk wanda ka gani sama da haka na wasu ne, wani ya yi shekara lafiya wani sati 2. Ya ce ya ɗauka na sani shi ya sa bai yi magana ba ranar. Mutum 71 na cinye, da S15 da na kashe wa duk abin da na tara, kwana 15 na hana ido barci. Na koma wajen mai shagon ba don ya biya ni ba, don dai ya sani, ya ce shi bai taɓa samun wanda ya dawo da shi ba sai ni. To.

Abin da na yi yanzu, memorin Yaya ya koma rami na 1, shi ke ɗauke da FreeMcBoot shi ke ɗauke da sebin, akwai sauran wuri isasshe. Kuma duk daren da na buga zan shiga uLaunchELF, manhajar kwafar fayil, in kwafe fayil ɗin zuwa filash, minti 1 ne. Mai 64 ɗin na ba ɗan Yaya yana wasa da shi a matsayin waya.

Lahadi, 2 ga Maris

An ɗauki azumi jiya. Ban taɓa fad ba tun ranar Alhamis, zuciyata ba ta so.

Lahadi, 9 ga Maris

Na sake farawa ranar Talata, bayan tarawi, awa 1 kawai nake yi don kar sahur ya wuce ni. Abin mamaki a dare 5 na kai inda ya ɗauke ni kwana 10 a da. Da AE86 ɗin dai, irin gyaran dai, amma yanzu na san hanya, na san kwanar da ake shiga da giya ta uku bayan ramin Kasumigaseki, na san inda suke rage gudu su da inda ba sa ragewa, na san in na matse mutum ta gefe a bayan babbar mota zai tsaya yana dambe da ita ni kuma in wuce. Irin sanin da direban haya yake yi wa hanyarsa ne, ya san kowane rami tun kafin fitila ta haska shi. Wannan karon ban sayar da ita ba, na haƙura na tara na sayi ta biyu, S15, ita kuma tana gareji.

Asabar, 15 ga Maris

Kujera. Na je Ƙofar Ruwa na samo kujerar gaba ta wata tsohuwar mota, da ƙarfen zamiyarta yana aiki, ₦12,000 bayan doguwar ciniki da bakin azumi. Kafinta ya yi mata gindi da katako ya yi wa tibin teburi daidai tsayin ido, ₦9,000. Ya ƙaranta tsayin gindin da kusan inci 3, sai na ji kamar a ƙasa nake zaune, amma da na zauna na buga sai na ga ai haka ya fi kama da motar. Na bar shi. Soson yana warin tsohon mai, an shanya shi kwana 2 bai daina ba.

Juma'a, 21 ga Maris

Na fara fita Wangan, titin bakin teku, wanda tun ina yaro nake jin labarinsa, miƙaƙƙe ɗoɗar mai faɗi, inda ake wuce 300. Na bi ta gadar Rainbow na sauka, na danna totur har ƙasa, S15 ta kai iya ƙarfinta inji yana kuka, sai ga wata Supra ta wuce ni kamar ina tsaye ina jiran fasinja. Sau 4 haka. Ashe giyar da na saita wa C1 gajera ce, tana ba ni tashi a kwana amma tana ƙurewa da wuri. Na koma gareji na tsawaita giyar ƙarshe, na samu ƙarin gudu, na cinye mutum 2, na koma C1 da saitin nan kuma sai motar ta zama malalaciya a fitowa daga kwana. Dole dai mota 2, ko kuma kullum kana cikin saiti.

Abin dariya, motocin nan duka, Nissan Skyline R34 da Toyota Supra da Mazda RX-7, a takarda doki 280 aka rubuta musu a Japan, saboda yarjejeniyar da kamfanonin suka yi tsakaninsu daga 1989 har 2004 cewa ba mai tallata sama da haka, kuma ana sa musu abin da zai tsayar da su a 180. Masu gyara ne suke cire takunkumin su ninka ƙarfin. Gem ɗin a kan mutanen nan aka gina shi.

Amma in faɗi gsky Wangan bai burge ni yadda na zata ba. Wanda ya fi kuɗin inji shi ke ci, aikinka kawai ka riƙe totur ka kauce wa manyan motoci. A C1 kuwa da ƙaramar mota sai ka wulaƙanta mai babba in ka fi shi sanin kwana. In na gaji da neman CP a can sai in ɗauko AE86 in dawo zoben in yi zagaye 1 kafin in kashe.

Daga yau na rufe sai bayan sallah, goman ƙarshe ta shigo. Mutum 118.

Laraba, 2 ga Afrilu

An yi sallah ranar Lahadi, ban doke Speed King ba, ko ganinsa ban yi ba. Da sebin bai tafi ba ƙila, amma ban da tabbas ko da hakan, don ance R34 ɗinsa ba ta wasa kuma ni har yanzu kuɗin tawa bai taru ba.

Yaya ya zo gaisuwar sallah da yara, ya leƙa zaure ya ga kujerar mota a gaban tibi mai ƙeya ya riƙe baki. Na ce Yaya zauna ka gwada. Ya ce shi ya girme wannan, ya zauna dai. Na ba shi AE86 na nuna masa maɓallin fitila, ya rungumi ginshiƙin Ginza a zagayen farko, ya ce wane mahaukaci ne ya gina wannan a tsakiyar titi, na ba shi labarin kogin. Sai da matarsa ta aiko sau 2 sannan ya tashi, yana fita yana cewa ai dama PS2 ɗin aro ya ba ni. Ɗansa kuma ya maƙale wai Baffa shi ma sai ya tuƙa, na ba shi tsohon fad ɗin da ɓera ya ci yana ta dannawa.

Lissafi zuwa yau ₦70,000 cif, ban da man jen da ban rubuta duka ba. Fad ɗin ₦7,000 ya fara ja hagu da kansa in na saki sandar, don haka abu na gaba shi ne neman na asali ko tsoho ne, mai gyara ya ce zai duba mini. Sannan R34, na kusa rabin kuɗinta. Sannan Wanderers, waɗanda ba sa cikin kowace ƙungiya kuma ba sa fitowa sai an cika musu sharaɗi, wani sai a wata rana ta musamman, wani sai kana cikin irin motar da yake so, na ware musu shafi a bayan littafin nan. Mutanen gem ɗin kusan 400 ne, ina 118.

Na so in ce in na gama in wuce Tokyo Xtreme Racer 3, wanda ya fito a 2003, sai na karanta cewa a bugun Amurka akwai wata Wanderer da sai kana da CP miliyan 100 take fitowa, alhali aljihun gem ɗin yana tsayawa a 99,999,990, wato ba a iya gama shi ba tare da an yi masa kutse ba. Wannan sai na yi tunani tukuna. Yau da daddare in an kawo wuta titin Yokohane zan shiga, akwai ƙungiya 2 a can da ban taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba.